Yadda Ake Gwada Sinadarin Kurkum a Kwamfuta Don Maganin Gyambo

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga zancen waya da manhaja ya shiga na lafiya, amma kwamfuta ce za ta yi aikin. Kwanan nan rubuce-rubuce sun yi yawa masu cewa "kwamfuta ta tabbatar" ganye kaza yana warkar da rauni. Mai ciwon suga da ke fama da gyambo a ƙafa zai iya gaskata wannan, ya bar asibiti, har ta kai a yanke ƙafar. Shi ya sa ya kamata mu san abin da wannan gwaji yake iya faɗa da wanda ba ya iyawa. Za mu ɗauki kurkum a matsayin misali.

Me ake gwadawa?

Idan mutum ya ji rauni, jiki yana fitar da wasu furotin da ke share mataccen nama. Ɗaya daga cikinsu shi ne MMP-9. A rauni na yau da kullum yana aikinsa ya lafa. A gyambon da ya ƙi warkewa, musamman na masu ciwon suga, yawansa yakan wuce kima, sai ya riƙa cinye sabon naman da ke tsirowa. Don haka masu bincike ke neman sinadarin da zai toshe bakinsa.

Ɗauki furotin kamar kwaɗo, sinadarin ganye kuma kamar makulli. Kwamfuta za ta juya makullin ta fuskoki da yawa, ta lissafa yadda ya zauna a ramin. Turawa na kiran wannan aiki docking, mu kuwa mu ce gwajin dacewa.

Kayan aiki, duk kyauta

PubChem, inda za ka samo siffar sinadari. Protein Data Bank, rumbun siffofin furotin da aka kafa tun 1971. Open Babel, don sauya nau'in fayil. Sai AutoDock Vina, wadda Oleg Trott da Arthur Olson na cibiyar Scripps a Amurka suka bayyana a 2010. Ƙaramar kwamfutar cinya ta isa, data kuma ba ta da yawa.

Matakai

1. Shiga PubChem ka nemi kurkumin, wato sinadarin da ke ba kurkum launin ɗorawa. Lambarsa 969516. Sauke siffarsa mai kauri uku a fayil ɗin SDF.

2. Shiga Protein Data Bank ka sauke 1GKC. Wannan sashen MMP-9 ne, kuma akwai wani sinadari mai toshe shi da ke zaune a ramin tun asali.

3. Tsabtace furotin: cire ƙwayoyin ruwa, cire wancan sinadari ka adana shi gefe, ƙara haidirojin. Kada ka cire zinkin da ke cikin ramin, domin da shi furotin ke aiki.

4. Mayar da fayilolin biyu zuwa PDBQT.

5. Zana akwatin bincike a daidai inda sinadarin asali ya zauna, ka rubuta ma'auninsa a fayil mai suna akwati.txt.

6. Buga umarnin:

vina --receptor mmp9.pdbqt --ligand kurkumin.pdbqt --config akwati.txt --out sakamako.pdbqt

Cikin 'yan mintoci za ka ga jerin lambobi masu alamar ragi, a ma'aunin kcal/mol. Wadda ta fi nisa ƙasa da sifili ita ce ta fi nuna dacewa, wato -8 ta fi -6.

Gwajin da yawanci ake tsallakewa

Kafin ka amince da lambar kurkumin, ka mayar da sinadarin asalin nan da ka ajiye ta wannan hanya. Mun riga mun san inda yake zama, tunda an gan shi a ɗakin gwaji. Idan kwamfuta ta mayar da shi wurinsa da bambancin da bai kai angistirom 2 ba, saitinka ya yi. Idan ta jefa shi wani gefe, duk lambar da ta ba kurkumin ba abin dogaro ba ce. Wannan ya fi muhimmanci a kan MMP-9, saboda lissafin Vina bai ƙware sosai a kan ƙarfe irin zinki ba.

Iyakar lambar

Su kansu masu Vina sun ce kuskuren lissafinta yakan kai kimanin 2.85 kcal/mol. Ke nan wanda ya ce -8.1 ta doke -7.6 bai faɗi komai ba.

Kurkumin kuma darasi ne babba. Nauyinsa wajen 368 ne, ya cika sharuɗɗan Lipinski na 1997 da ake tace sinadarai da su, kuma yakan samu lamba mai kyau a kan furotin iri-iri. Amma ba ya narkewa a ruwa sosai, yana saurin lalacewa, jiki kuma ba ya tsotse shi da yawa. A 2017 wasu masana sun wallafa nazari a Journal of Medicinal Chemistry suna gargaɗin cewa yana cikin sinadaran da ke yaudarar gwaji. Kwamfuta ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta san mugunya ba, ba ta san ƙwayoyin cuta ba, ba ta san ƙarancin jini a ƙafar mai ciwon suga ba.

Amfaninta shi ne na rariya. Idan kana da sinadarai 200 daga lalle, darbejiya da zogale, za ta taimaka maka ka ware goma da suka cancanci a kashe musu kuɗi a ɗakin gwaji. Daga nan sai gwaji a kan ƙwayoyin halitta, sai dabbobi, sannan mutane.

Aikin gida: yi matakan nan, ka fara da gwajin sinadarin asali, ka rubuta bambancin da ka samu. Wanda kuma ke da raunin da ya ƙi rufewa, likita zai nufa, kada ya barbaɗa masa garin kurkum. A darasi na gaba za mu rubuta gajeren shiri da Python wanda zai gwada sinadarai da yawa a jere.