Takardun Shaidar da Ake Dubawa Wajen Ɗaukar Malamin Sakandare

Ɗalibin da ke kwalejin ilimi yakan ɗauka cewa da zarar ya karɓi takardarsa, ƙofar kowace makaranta a buɗe take gare shi. Ba haka abin yake ba. Masu ɗaukar malamai sukan auna takardun mai neman aiki ta fuskoki biyu: ko ya san fannin da zai koyar, kuma ko an horar da shi a kan yadda ake koyarwa. A wannan darasi za a duba matsayin kowace takarda a bisa wannan ma'auni.

Takardar NCE da iyakarta

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a shekarar 1977 aka kuma yi ta yi mata gyara daga baya, ta tanadi cewa Takardar Shaidar Malanta ta Ƙasa, wato NCE, ita ce mafi ƙarancin shaidar da mutum zai shiga aikin koyarwa da ita a Nijeriya. Wannan tanadi ne ya kawar da tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu. Sai dai a lura da kalmar "mafi ƙaranci". An tsara karatun NCE ne domin ilimin bai-ɗaya na shekara tara, wato shekara shida na firamare da shekara uku na ƙaramar sakandare. Saboda haka mai NCE a fannin Hausa ya cancanci koyarwa daga aji ɗaya zuwa aji uku na sakandare. Babbar sakandare kuwa, inda ake shirya yara domin jarrabawar WAEC da NECO, gurbi ne na mai digiri. Gaskiya ne a makarantu da dama, musamman na karkara, akan tarar da mai NCE yana riƙe da aji shida. Rashin malamai ne ya jawo haka, kuma ranar da aka turo mai digiri, shi za a miƙa wa ajin.

Digiri iri biyu ne

Nan ne masu neman aiki suka fi ruɗewa. Akwai digirin da ya haɗa fanni da ilimin koyarwa, kamar wanda ake bayarwa a tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Jami'ar Bayero. Mai wannan digiri ya karanta nahawu da adabi da al'ada, ya kuma karanta halayyar ɗan'adam da dabarun koyarwa da tsara manhaja, sannan ya je gwajin koyarwa a aji. Akwai kuma digirin fanni zalla. Mai shi yana iya fin na farko zurfi a ilimin tsarin sauti ko nazarin waƙa, amma a idon doka bai zama ƙwararren malami ba sai ya ƙara da babbar difloma ta ilimi, wadda ake kira PGDE. Jami'o'i suna bayar da ita, haka ma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna.

Wannan hukunci bai tsaya ga digiri na farko ba. Ko da mutum yana da digiri na biyu a Hausa, in babu shaidar horon malanta a cikin takardunsa, mai digiri na farko da ya bi ta tsangayar ilimi ya fi shi cika sharaɗi. Wasu suna ganin wannan a matsayin rashin adalci. A ra'ayinmu tsarin yana da hujja, domin sanin ƙa'idojin jinsi da jam'i daban yake da iya fahimtar da su ga yara sittin a cikin minti arba'in.

Bambancin yana bayyana har a albashi. A aikin gwamnati, mai NCE yakan fara ne daga mataki na 7, mai digiri kuma daga mataki na 8. Shawarar da ta dace ga ɗalibin kwaleji ita ce ya tsaya ya sami sakamako mai kyau, domin da shi zai nemi shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Dokar da aka sanya wa hannu a shekarar 2023 ta kuma bai wa kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri da kansu.

Rajista da sauran takardu

A shekarar 1993 aka kafa Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Nijeriya, wato TRCN. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: masu digirin digirgir, da masu digiri na biyu, da masu digiri na farko, sai masu NCE a gida na ƙarshe, kuma kowane gida sai da shaidar horon malanta. Tun daga shekarar 2017 sai mutum ya ci jarrabawar hukumar kafin ta yi masa rajista. Wanda ya gama karatu kada ya jira sai an tallata guraben aiki kafin ya nemi wannan takarda, domin ba a rana ɗaya take fitowa ba.

Mai digiri kuma dole ya gabatar da shaidar yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa; mai NCE ba a neman ta daga gare shi. Sakamakon sakandare ma ba ya tsufa. Akan nemi kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, kuma malamin Hausa bai tsira daga wannan ba. Wani abin da ake raina shi, alhali yana hana mutane aiki, shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takarda da takarda. A gyara shi tun ana makaranta.

Bayan tantance takardu, hukumomi da dama sukan yi wa masu neman aiki jarrabawa, wasu makarantun kuma sukan miƙa wa mutum alli su ce ya koyar da darasi na minti goma a gabansu. A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji, fiye da dubu ashirin suka kasa kai makin da aka ƙayyade, aka kuma sallame su daga aiki.

Auna fahimta

Mutum biyu sun nemi gurbin koyar da Hausa a aji biyar na sakandare. Ɗaya yana da NCE da rajistar TRCN da ƙwarewar shekara shida. Ɗayan yana da digirin Hausa zalla, ba shi da PGDE. Bayyana abin da ya rage wa kowannensu, sannan ka faɗi wanda za ka ɗauka tare da hujjojinka.