Darasi Kan Sayen Mota Ta Hannu A Maiduguri

Tun daga shekarar 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Kafin wannan lokaci Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ita ce abin hawan ma'aikacin gwamnati. Daga baya motocin Beljiyam, waɗanda akasari ake shigowa da su ta Kwatano, suka cika kasuwa. A yau mai neman matsakaiciyar mota ta iyali yakan tsaya ne tsakanin Toyota Camry da Honda Accord da Peugeot 406.

Abin da ya kamata mai saye a Maiduguri ya fara dubawa shi ne yadda motar ke jure zafi. A watan Afrilu zafin garin yakan haura digiri 40, ga kuma ƙura. Saboda haka a bar injin yana aiki na tsawon rabin awa da na'urar sanyaya mota a kunne, a lura da allurar zafi, a duba lagireto. Injin mai silinda huɗu ya fi dacewa da mai ƙaramin albashi, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Amma Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai, don haka a kula da hayaƙin salansa.

Babban haɗarin dai shi ne ruwa. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye unguwanni irin su Gwange har zuwa Kasuwar Monday, motoci da dama suka kwana a cikin ruwa. Irin wannan mota ana iya wanke ta, a yi mata fenti, ta tashi lafiya ranar ciniki, sannan bayan 'yan watanni wayoyinta su fara ci da tsatsa, giya ta rikice. Mai saye ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin tayar sifiya, ya nemi busasshen laka ko warin danshi. Idan an cika motar da turare fiye da kima, ya tambayi dalili. Kuma ya tafi da bakanikensa na kansa, domin wanda dillali ya kawo yana da nasa kason a cinikin.

Sai batun takardu. Tun watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, kuma motar da ba a biya wa kuɗin fito ba jami'an kwastam na iya kama ta a kan hanyar Damaturu zuwa Kano. A gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke kan takardar kwastam kafin a ba da ko kwabo na kafin alƙalami.