Kafin Ki Sayi Rigar Sanyi a Gilasgo

 'Yata, an ce mini takardu sun kammala, a watan Satumba za ki tashi zuwa Gilasgo karatu. Allah ya kai ki lafiya, ya ba da abin da aka je nema. Na san kowa a gida ya yi miki tasa nasihar, ta riƙon addini, ta kama kai, ta zaɓen ƙawaye. Duk sun faɗi gaskiya, ba sai na maimaita ba. Ni maganar riga zan yi miki, rigar sanyi, domin na zauna a garin nan, na ga abin da rashinta ke yi wa baƙo.

Da farko ki san irin sanyin da za ki tarar. Mu nan in an ce sanyi, hunturu ake nufi. Iska busasshiya, ƙura, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, da hantsi ya ɗaga kowa ya tuɓe suwaita. Na can jiƙaƙƙe ne. Gilasgo tana yammacin Sikotlan, iskar Tekun Atlantika ke kaɗo mata hadari, kusan rabin kwanakin shekara sai an yi ruwa. Ba ya saukowa da ƙarfi ya ɗauke irin namu na damina. Yayyafi ne mai naci, ya wuni yana yi, iska na koro shi ta gefe har ta karya lema. A Janairu ma'auni yakan tsaya tsakanin digiri 2 da 7, dusar ƙanƙara ma ba ta cika daɗewa a ƙasa ba. Wanda ya zauna a tsakiyar Kanada, inda ake kaiwa 20 ƙasa da sifili, zai ce ai wannan wasa ne. To amma ruwa ya fi iska janye ɗumin jiki kusan sau 25. Shi ya sa za ki ga mutum cikin kaya masu kauri yana karkarwa a tashar bas, don kawai sun sha ruwa.

Abin da ke biyo baya shi ya fi damuna. Yarinya ta je da rigar da ke shan ruwa. Ta fita lacca da safe ta jiƙe, ta wuni a aji da danshi a kafaɗa. Washegari ta leƙa taga ta ga sama ta yi duhu, sai ta ce bari ta karanta a ɗaki. Daga nan ta daina zuwa masallaci, ta daina ziyarar 'yan'uwa, cefane ma sai a kawo mata har ƙofa. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. In aka haɗa wannan duhun da zaman ɗaki da kewar gida, zuciya takan yi nauyi, 'yata. Na ga yara masu kaifin basira da karatu ya gagare su ta wannan hanyar, kuma ba lalaci ba ne. Fita ce ta zame musu azaba. Ina so ki samu rigar da za ki zura ki fita ba tare da kin tsaya shawara da sama ba.

Kada ki cika akwati da kayan sanyi daga nan. In kin samu suwaitar ulu mai kyau a Ƙofar Wambai, ɗauki ɗaya ko biyu, sun isa. Babbar rigar a can za ki saya, inda aka ɗinka ta don irin wannan ruwan. Satumba da sauran sauƙi, kina da lokacin dubawa a tsanake. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga ranar za ki ga dare ya riƙa rufowa tun kina aji. Ki tabbata kafin nan rigarki na rataye a bayan ƙofa. Za a ce miki ki jira rangwamen 26 ga Disamba, kuma gaskiya ne kaya na sauka a ranar. Amma kafin ta zo kin sha wata biyu a jiƙe.

Idan kin shiga kanti, fara da yadin waje. Akan rataya wa riga 'yar takarda da lamba a milimita. Yadda ake gwajin, ana kafa dogon bututu a kan yadin, a yi ta zuba ruwa har ya fara ratsawa, tsayin ruwan shi ne lambar. Mai 1,500 da ƙyar ta tsallake gwajin. Mai 5,000 za ta kai ki kantin unguwa ta dawo da ke. Don zirga-zirgar yau da kullum, da jiran mota, da jaka a baya tana danna yadin, nemi 10,000. Masu 20,000 na mahaya duwatsu ne, kada ki ɓata kuɗinki. Ki kuma tambaya ko yadin na barin zufa ta fita. Rigar leda zalla tana tare ruwan sama, amma kina yin 'yar tafiya gumi zai jiƙa ki daga ciki, sanyin kuma ɗaya ne. A 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano yadda ake miƙar da wata irin roba ta zama 'yar fata mai ƙananan ƙofofi, ɗigon ruwa ba ya iya shiga, tururin jiki kuwa yana fita. Ita ce ake kira Gore-Tex. Tana da tsada, amma yanzu kamfanoni da yawa na yin irin tasu, kuma don yawon cikin gari suna biyan buƙata.

Daga nan ki juya rigar ciki waje ki duba ɗinki. Nan ne yawancin mutane ba sa kallo. Riga kamar rufin kwano take, ta wajen ƙusa yake yoyo. Duk inda allura ta bi ta bar huji. Wannan matsala tsohuwa ce, a garin da za ki ma an taɓa cin karo da ita. A 1823 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Gilasgo, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin yadi biyu, ruwa ya kasa ratsawa. Da teloli suka ɗinka, sai ruwan ya bi ta sawun allura. Maganin shi ne a bi kowane ɗinki da siririn tef a manne daga ciki. Ki sa yatsa ki bi kafaɗa, da wuya, da hula, da hammata. In kin ji tef ɗin a kwance lumui ko'ina, madalla. In shafi ya rufe ba ki gani, tambayi mai kanti ko duka ɗinkin aka manne ko manyan kaɗai. Ba sa jin haushin tambaya, aikinsu ne.

Sai abin da aka cusa a ciki don ɗumi. Iri biyu ne. Akwai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, ba nauyi, ga ɗumi, ya kuma daɗe. Aibinsa ɗaya, in ya jiƙe sai ya dunƙule ya lafe, ɗumin ya tafi, bushewa kuma sai an yi haƙuri. Akwai kuma zaren roba da aka yi shi ya kwaikwayi gashin. Ya ɗan fi nauyi, bayan wasu shekaru yakan kwanta, amma ko ya yi danshi yana riƙe ɗumi, ya bushe da wuri, ya fi araha. Da Kanada za ki da na ce gashin. Don Gilasgo ni na roba nake zaɓar miki. Waɗannan kumbura-kumburan riguna masu sheƙi da za ki ga 'yan mata na yayi, da yawansu ba a yi su don ruwa ba. Suna da kyau a hoto, ban hana ki sha'awa ba, amma kada ta zama ita kaɗai ce gare ki.

Ranar gwaji ki je da suwaitarki a jiki, da hijabin da kika saba sawa. Zura rigar, ja zif har wuya. Ɗaga hannu sama, rungume kanki, zauna, sunkuya. In ta ɗame ki a kafaɗa ƙara lamba ɗaya, domin iskar da ke tsakanin kaya ita ke riƙe ɗumi. In kuma ta yi miki burmeme iska za ta riƙa shiga ta ƙasa. Daidai ruwa daidai tsaki. Tsawonta ya sauko cinya ko gwiwa, ga sutura ga kariya, kuma ba za ki zauna a kan jiƙaƙƙen benci da abaya kaɗai ba. Doguwar riga tana son zif mai buɗewa ta ƙasa ma, don hawa bas da matakala. A kan zif ɗin a samu marfin yadi. Hular ta hau kan hijabi ba takura, ta kasance da igiyar tsukewa da ɗan baki mai tauri, in ba haka ba iska za ta tuɓe miki ita a kwanar farko. Bakin hannu ya tsuke. Aljihu ya zama mai zif, ɗaya a ciki don waya da katin mota.

Ki tuna da alwala. A tsakiyar sanyi Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, kina makaranta. Rigar da za ta tuɓu da sauƙi, da suwaita mai naɗuwar hannu, za su sauƙaƙa miki. Launi kuwa, kowa baƙi yake saye don ba ya nuna datti. In kin bi sahu, a samu ɗan layi mai ƙyalli a jiki ko a jaka, saboda direba ya hango ki a duhu.

Batun kuɗi na san yana ranki, canjin fam ba wasa ba. Araha ba ta ado, rigar da za ki sake saye kowace shekara ita ce mai tsada. Amma ba sai sabuwa ba. Can ma akwai gwanjo, kantunan ƙungiyoyin agaji ne irin su Oxfam da British Heart Foundation, akwai su a titin Byres kusa da Jami'ar Gilasgo. 'Yan gari da kansu suna saye, babu abin kunya. In za ki ɗauki ta hannu, ja zif sau da yawa. Duba tef ɗin ko ya fara ɓanɓarewa. Shafa cikin wuya, in wani farin gari ya biyo hannunki, fatar da ke tare ruwan ta mutu, ajiye musu abinsu komai kyanta.

Abin da ke ƙarƙashin riga ma yana da nasa aiki. Kada auduga ta zama ita ke manne da fatarki, tana shan gumi ta riƙe. Sa 'yar ciki ta ulu ko ta roba, sai suwaita, sai babbar rigar. Gidaje da azuzuwa da ɗumi, kina shiga ki rage. Ki haɗa da takalmi sau-ciki da ba ya shan ruwa, da safar ulu, da safar hannu.

In kin dawo gida kada ki cusa ta a jaka, kada kuma ki ɗora ta kan na'urar ɗumama ɗaki, zafi na sakin tef. Rataye ta a buɗe ta sha iska. Sabuwar riga za ki ga ruwa na taruwa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa. Ran da kika ga yadin ya fara yin duhu yana tsotsa, ba lalacewa ta yi ba, datti ne da gogewar maganin da aka shafa mata. Karanta 'yar takardar wanki da ke ciki. Akwai sabulun ruwa na musamman a kantunan kayan hawan dutse, da maganin fesawa. Kada ki sa mata ruwan tausasa kaya, yana toshe ƙofofin. In ta yage akwai faci mai mannewa, in zif ya mutu tela zai canza. Da irin wannan kulawa za ta kai ki ƙarshen karatu, har ki bar wa wata baƙuwar da za ta zo bayanki.

Ranar da za ki kanti, nemi wata 'yar'uwa da ta riga ta yi sanyi ɗaya a garin ta raka ki. In kin saya ki aiko mini da hoto in gani, har da cikin rigar.