Ku Daina Zuba wa Buluberi Toka

Hotunan da masu lambun gida ke turo mini kusan iri ɗaya ne: ɗan itacen buluberi a bokiti ko a gindin katanga, sabbin ganyensa sun koma ruwan ɗorawa, jijiyoyin ganyen kuwa kore shar, bakin wasu ya ƙone. Sai a ce in faɗi maganin da za a fesa. Ni kuma kafin in ce komai nakan tambayi abin da aka zuba masa, kuma amsar ba ta cika sauyawa ba: toka da kashin kaji. Wani ya gani a Facebook wai toka ta fi kowane taki, aka yi ta yawo da maganar a WhatsApp har ta zama kamar doka. Ga wannan itacen dai, babu shawarar da ta fi ta illa.

Buluberi ɗan asalin Arewacin Amurka ne, kuma a daji yana fitowa ne a ƙasa mai tsami sosai. A ma'aunin pH yana son tsakanin 4.5 da 5.5, alhali yawancin kayan lambu sun fi jin daɗin 6 zuwa 7. Kada wannan ɗan bambancin ya yaudare ku, domin lamba ɗaya a ma'aunin tana nufin ninki goma. Da zarar tsamin ya ragu, sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa zai ƙulle, saiwa ta kasa zuƙarsa, ganye ya ɗashe. Abin da kuke gani a jikin ganyen ke nan, yunwa ce, kuma babu feshin ƙwari da zai warkar da ita.

An daɗe da sanin wannan. Tun a 1910 Frederick Coville, masanin tsirrai na ma'aikatar noma ta Amurka, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa, inda ya nuna cewa abin da ya sa manoma suka yi ta kasa raya buluberi shi ne gatan da suke yi masa da taki da farar ƙasa. Bayan nan ne shi da Elizabeth White ta jihar New Jersey suka fitar da amfanin farko zuwa kasuwa a 1916. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yau ana maimaita kuskuren.

Duk macen da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san aikin kanwa ko ruwan toka: kashe tsami. To abin da toka ke yi wa ƙasa ke nan. Ba na musun tana da amfani a wasu gonakin, amma ga buluberi guba ce. Kada ku zuba ta kaɗan, kada ku zuba ta da yawa, kada ku gauraya ta da wani abu ku ce ai ta yi sauƙi. Haka ma garin ɓawon ƙwai da wasu ke barbaɗawa, shi ma tsami yake kashewa. Kashin kaji kuwa yana da gishiri mai yawa, ga shi saiwar buluberi siririya ce ƙwarai, a saman ƙasa take shimfiɗe, ba ta da gashin nan da sauran tsirrai ke zuƙar ruwa da shi. Ɗan gishiri kaɗan ya isa ya ƙone ta. Na sha jin ana cewa ai mangwaro da gwaiba sun sha toka sun yi kyau. Su ɗin ba buluberi ba ne. Idan mai aikin gida ne ke share murhu ya watsa tokar a gindin shuka, a gaya masa tun yau.

Wanda ya riga ya zuba, ya kwashe saman ƙasar a hankali da hannu, kada ya sa fartanya. Idan a bokiti ne, ya fi sauƙi a sauya ƙasar baki ɗaya. Ni dama ina ba kowa shawara ya shuka a babban mazubi mai huji a gindi, domin a nan ne mutum ke da iko da abin da saiwa za ta zauna a ciki. Zaren ɓawon kwakwa da aka wanke gishirinsa, da ɓawon itacen fain da ya ruɓe, da ɗan yashi mai tsabta, sun wadatar. Mai son shukawa a ƙasa ya gauraya garin farar wuta watanni kafin dashe, saboda ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke mayar da shi tsami, kuma ba sa gaggawa. Taki kuwa, amoniyam salfet kaɗan-kaɗan, nesa da gindi. A guji takin naitiret da mai sinadarin kulorayid. A rufe gindin da dusar katako da ta kwana biyu, don kada saiwar ta bushe.

Ruwa ma yana ɓata aikin mutane da yawa ba su sani ba. Rijiya ko burtsatsen da ruwansa ke barin farin dabbare a cikin buta, a hankali zai cinye tsamin mazubin. Ruwan sama ya fi, a tara shi. Kuma a sayi ɗan ma'aunin pH a riƙa dubawa. Ina mamakin mai kashe kuɗi masu yawa a kan dashe amma ya ƙi sayen takardar gwaji.

Masu sayar da dashen su ma da laifinsu. Ka tambayi mutum sunan irin da yake sayarwa, sai ya ce maka buluberi ne kawai. Irin ƙasashen sanyi kamar Bluecrop yana buƙatar sa'o'i kusan 800 ko fiye na sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure yadda ya kamata, kuma hunturunmu ba ya kaiwa nan. Akwai ire-iren da aka fitar don wurare masu ɗumi, kamar Emerald da Sharpblue na Jami'ar Florida, da Biloxi, wanda aka noma sosai a gaɓar tekun Peru, ƙasar da a yau ke kan gaba wajen fitar da ɗanyen buluberi a duniya. Wanda bai iya faɗa maka sunan iri ba, ka riƙe kuɗinka. Ƙwayar irin da ake tallatawa a intanet kuma a bar ta, domin ko ta gaskiya ce, sai ta ɗauki shekaru, kuma ba lallai ta yi kama da uwarta ba.

Mazauna Jos da tsaunin Mambila sun fi kowa dama a wajenmu, saboda sanyin tudu. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya sani cewa zafin bazara kan haura digiri 40, don haka sai da ragar inuwa daga azahar, da ban ruwa safe da yamma, kuma duk da haka kada ya sa rai da yawa. Wanda itacensa ya kama ya daure ya tsinke furen shekarar farko don saiwa ta yi ƙarfi, ya ajiye iri biyu kusa da juna saboda 'ya'yan su fi girma, sannan ya rufe su da raga da zarar sun fara nuna, kafin tsuntsaye su riga shi.