Yaro da salula: ku fara da mai turi

A da, in matashin Dogon Kiriya yana son fim, sai ya biya a ƙofar gidan kallo, ya zauna a benci, kowa na ganin abin da kowa ke kallo. Mai janareta na kashe inji, an tashi ke nan. Yau Labarina da Izzar So suna YouTube, fassarar Algaita tana cikin memori, TikTok kuwa bai san "sai gobe" ba.

Iyaye, ƙwace salula ba ya magani, gobe yaro zai ari ta abokinsa. Ku fara da mai turi. A karkara rezo na rawa, kuɗin intanet na Airtel, Moov ko Zamani kuma ba wasa ba ne, don haka yara da yawa ba kai tsaye suke kallo ba. Ranar kasuwa mai turi ke cika musu memori, su kuma su rarraba wa juna ta Xender. To, malam, ka raka ɗanka wurin mai turin ko da sau ɗaya ne. Ku gaisa, ka faɗa masa abin da ka yarda a saka. Wanda ya san uban yaro ya san fuskarsa, sai ya yi tunani kafin ya zuba masa shirme.

Sai caji. In da faranti mai hasken rana a gida, a ajiye wayar cajin a ɗakin uwa, salula ta kwana can bayan sallar isha. Ɗan makarantar da BEPC ke gabansa, wanda ya kai ƙarfe biyu yana kallo, a aji zai rama barcin.

In ana sayen data, a shiga saitin YouTube a rage hoto zuwa 240p ko 360p, a kashe maɓallin da ke jawo wani bidiyo da kansa. TikTok da kansa ya ce sai mai shekara 13, kada ƙaramin ya ruɗe ku da "kowa na da shi".

Kuma don Allah ku zauna ku kalla tare, ko kokowar takobi ce, ko kashi ɗaya na Dadin Kowa bayan tuwon dare. Inna, in 'yarki ta ce wance ta burge ta, tambaye ta dalili kafin ki fara faɗa.