Fumfuna a Tukunyar Albasa

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambayar musabbabin farar fumfunar da ta addabi tsiron albasarsa na cikin tukwane. To, Malam, asalin wannan illa galibi shi ne yawan ban ruwa da cunkoso da ƙarancin iska, domin idan danshi ya dawwama, sai gindin tsiro ya ruɓe ya kwanta. Saboda haka wajibi ne ka huda ƙasan tukwanen, ka kankare fumfunar ka barbaɗa busasshen yashi, ka tuge wanda ya kamu, ka fitar da sauran zuwa rana, sa'an nan kada ka shayar da su sai da safe, bayan saman ƙasar ya tsane. Ɗanyen taki kuwa, a ƙaurace masa.