Yadda Ake Rubuta Labarin Gano Mai Laifi a Gona

A Ingila da Amurka akwai wani reshe na ƙagaggun labaran bincike da ake ce wa kozi, kalmar da ke nuni da ɗumin ɗaki a daren sanyi. A cikinsa akan yi kisa, amma ba a nuna wa mai karatu jini, ba zagi, ba batsa. Mai gano laifin kuma mutum ne gama-gari da ke zaune a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Uwar wannan salo ita ce Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead, wadda ta fara fitowa a gajeren labari a 1927, sannan a littafin The Murder at the Vicarage a 1930. Daga baya marubuta suka kai salon gona, ta kuwa karɓe shi. Ina da yaƙinin cewa marubucin da ya tashi cikin noma da kiwo yana riƙe da rabin aikin tun bai ɗauki alƙalami ba, domin a irin wannan labari gonar ce babbar shaida. Ga matakan.

Mataki na 1: Karanta magabata

Nemi littattafai biyu ko uku ka karanta da biro a hannu. A Wish You Were Here na Rita Mae Brown, wanda ya fito a 1990, jarumar tana aikin gidan waya a garin Crozet na jihar Bajiniya, tana kuma da gonarta da kyanwa da kare. A One Bad Apple na Sheila Connolly, na 2008, Meg Corey ta baro birnin Boston ta koma wani tsohon gida mai lambun tuffa. Susan Wittig Albert kuwa, a The Tale of Hill Top Farm na 2004, ta mai da marubuciya Beatrix Potter mai bincike a gonar da Potter ta saya da gaske a 1905. Duk inda marubucin ya ajiye wata alama, ka ja layi. In ka kai ƙarshe, koma baya ka ga yadda ya wuce da kai ta kanta ba ka lura ba.

Mataki na 2: Zaɓi gona ɗaya, ka zana ta

Ɗauki gonar da ka sani ciki da bai, ko ta gero ce a jigawa, ko lambun albasa a fadama, ko garken shanu. Christie ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti a Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa guba ta zauna daram a littafinta na farko na 1920. Abin da hannunka ya saba da shi, shi ne jarinka. Zana taswira a takarda: gida, rumbu, rijiya, turke, burtali, iyaka da maƙwabta. Rubuta minti nawa ake yi daga nan zuwa can a ƙafa, da abin da mai tsaye a bakin rijiya zai iya hangowa. Kada ka manta cewa hangen yana sauyawa da lokaci. Gonar da ake ganin ƙarshenta da rani, in dawa ta yi tsayi da damina ko raƙumi ya shiga sai ya ɓace.

Mataki na 3: Samar da mai bincike

Mutum kake so wanda ake sakin baki a gabansa: tsohuwar malamar makaranta da ta koma kiwon kaji, ungozoma, malamin dabbobi, ko mai kai nono gida-gida. Ba shi da bindiga, ba shi da ikon kama kowa. Makaminsa sanin halin mutane da kunnen sauraro. Sai ka ba shi dalili mai ƙarfi na tsoma baki, don mai hankali ba ya bin sawun mai kisa haka kawai. Meg Corey ta shiga bincike ne saboda an tsinci gawar tsohon saurayinta a harabar gidan da take zaune, zargi ya faɗo kanta. Naka jarumin, wataƙila an kama yaron gidansa bisa kuskure. Kada kuma ka mai da ɗan sandan labarin sakarai. Ya isa a ce baƙo ne, kuma ko idonsa ya kai tulu ba zai ga abin da ɗan gari ke gani ba.

Mataki na 4: Fara daga ƙarshe

Kafin babi na ɗaya, rubuta wa kanka shafi guda da ba wanda zai gani: wa ya yi, me ya sa, da ƙarfe nawa, ta wace hanya ya zo, wane kuskure ya yi. Dalilin ya fito daga gonar: gadon da aka ƙi rabawa, iyakar da ake ci taƙi-taƙi duk shekara, gonar jingina da aka ƙi mayarwa, bashin taki, hatsin da ya ɓace daga rumbu. Sannan ka tara mutum huɗu zuwa shida waɗanda kowannensu yake da abin da zai samu in mamacin ya kau. Ka ba kowa sirrinsa. Dillali yana ɓoye cewa ya sayar da sa sau biyu, ƙanin mamacin yana ɓoye neman aure. Dukkansu za su yi ƙarya, amma ɗaya ne kaɗai ƙaryarsa ta shafi kisa.

Mataki na 5: Bari gona ta ba da shaida

Nan ne za ka zauna ka daɗe. Aikin gona yana da agogonsa da ba ya karɓar cin hanci, kuma da shi za ka karya ƙaryar mai laifi.

A ce yaron gida ya rantse cewa ya yi tatsar asuba kamar kullum. Amma maƙwabciya, cikin hirar da ba ta shafi komai ba, ta koka cewa kukan shanu ya dame ta har hantsi. Saniyar da aka tatsa, aka sakar mata ɗanta, ba ta wannan kuka. To ina yaron yake da asuba?

A ce wani ya yi kururuwa cewa an fasa masa rumbu makon jiya. Mai bincike ta tarar kaza ta ƙyanƙyashe a kan murfin rumbun. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, saboda haka mako uku ke nan ba a ɗaga murfin ba.

A ce mutum ya ce wuni ya yi a fadama yana ban ruwa, ga shi kuwa ƙarangiya ta cika ƙafar wandonsa, alhali ƙarangiya ciyawar jigawa ce. Ko a tarar ƙasan amalanke a bushe bayan ruwan dare, alamar tun kafin ruwa aka ajiye ta. Shiru ma shaida ne. A labarin Silver Blaze na 1892, Sherlock Holmes ya gane cewa wanda ya shiga bargar dokin ɗan gida ne, domin kare bai yi haushi ba.

Manyan alamomi uku sun isa. Hanyar ɓoye su ita ce a saka su tsakiyar aikin yau da kullum. Ambaci ƙarangiyar a lokacin da uwargida ke mitar wanki, tsakanin zancen tsadar sabulu da na guga. Mai karatu ya gani da idonsa, amma hankalinsa yana kan faɗan da ake yi a zaure.

Mataki na 6: Yi wa mai karatu adalci

A 1929 Ronald Knox, limamin coci kuma marubuci, ya jera ƙa'idoji goma na labarin bincike. Daga cikinsu akwai cewa dole mai laifi ya bayyana tun farkon labari, kada a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ko da sa'a kawai, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin alƙalaminmu ya saba rugawa wurin boka ko mafarki in labari ya cije. Mutanen labarinka suna iya cewa aljanun tsamiya ne suka yi kisan, hakan ma zai ƙara armashi. Amma amsar ƙarshe ta zama wadda mai karatu zai iya kaiwa gare ta da kansa. Ka kuma kiyaye sharaɗin salon: yara da dabbobi ba a cutar da su a gaban mai karatu, ba a kuma bayyana dalla-dalla yadda ake haɗa guba.

Mataki na 7: Jera babi-babi bisa kalandar noma

A sami gawa kafin ƙarshen babi na uku. Daga nan kowane babi ya ƙunshi aiki ɗaya na gona, hira ɗaya, da sabon abu ɗaya da aka gano. Ɗaure labarin da wa'adin da ba ya jira: albasa za ta ruɓe, ko ranar raba gado ta matso. A tsakiya, wanda kowa ya fi zargi ya kuɓuta, komai ya koma sabo. Bayyana gaskiya a inda jama'a suka taru bisa al'ada, kamar wurin aikin gayya ko sussuka. Bayan nan ka bar babi guda na kwanciyar hankali: a sallami wanda aka zalunta, a kai amfani gida, a ci tuwo tare. Masu son wannan salo don wannan babin suke dawowa.

Mataki na 8: Gwada shi a wurin mutum biyu

Ba wa mai son karatu rubutun, ka cire babi biyu na ƙarshe, ka tambaye shi wa yake zargi. In ya canka tun da wuri, ƙara lulluɓe alamominka. In ya karanta ƙarshen ya ce ai ba a nuna masa ba, ka ci amanarsa, sai ka koma ka gyara. Abin da kake nema shi ne ya dafe kai ya ce, "Kash, ga shi kuwa na gani!"

Mutum na biyu manomi ne. Same shi da yamma in ya dawo, ka karanta masa wuraren da suka shafi aikinsa. In ya ce maka ba a girbin gero a watan da ka rubuta, ko saniya ba ta yin haka, kada ka yi gardama. Ɗauki biro ka gyara a gabansa, domin duk hukuncin da jarumarka za ta yanke a babin ƙarshe a kan maganarsa ya tsaya.